Ba idon Baba ne ya tafi ba, rubutun ne ya ƙanƙance

Jama'a, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke miƙa wa iyayenmu kwamfuta.

Kwanakin baya muka haɗa kuɗi muka saya wa Baba sabuwar laftof, don tun da ya yi ritaya daga koyarwa yake rubuta tarihin zuri'armu. Ran nan na leƙa ɗakinsa bayan la'asar, na tarar hancinsa ya kusa taɓa allon, tabarau ya zamo, ya ƙanƙance ido yana bin layi da yatsa. Ya ce, "Tsufa ne, idon ya tafi." Wallahi raina ya sosu. Mutumin da safiyar ranar ya karanta jarida lafiya lau!

Duk abin da kuke gani a allon kwamfuta ƙananan ɗigo ne aka jera. Tsohuwar ta Baba inci 15.6 ce, ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye, wato kusan 100 a kowane inci. Sabuwar girmansu ɗaya, amma tana da 1920 da 1080, kusan 141 ke nan a inci. Yawan ɗigon da ke gina harafi bai canza ba, ɗigon ne ya ƙanƙance, sai harafin ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. In allon 4K ne mai 3840 da 2160, aka bar shi haka, rubutu kamar an watsa gero yake komawa.

Mu Hausawa abin ya fi shafar mu. Ɗan lanƙwasan nan na kan ƙ da ɗ da ɓ shi ke raba baƙi da baki, ƙafa da kafa. Idan rubutu ya yi ƙanana, shi ne farkon ɓacewa. Baba yana so ya duba ko ya sa lanƙwasa daidai, ba ya iya gani.

Wani yaro ya ce zai gyara masa, ya rage yawan ɗigon allon ya mayar da shi 1366. Rubutu ya ɗan girma, amma ya yi hazo-hazo kamar an shafa mai. Don Allah a daina wannan. Kun biya kuɗin allo mai kaifi, kun kuma dakushe shi da hannunku.

A bar ɗigon yadda kamfani ya yi shi. A danna ɓangaren dama na linzami a fuskar kwamfutar, a shiga saitin allo, akwai akwatin da ke nuna kashi 100, 125, 150. A ɗaga shi. Komai zai girma, ya kuma ƙara fitowa tangaran, domin yanzu kowane harafi ya sami ɗigo masu yawa. Wanda rubutu kaɗai yake so ya girma, tun 2018 Windows ta sa wani maja, wato ɗan maɓallin da ake ja da linzami, a sashen sauƙaƙa amfani, yana kaiwa har kashi 225. A burauza kuwa, wato manhajar shiga intanet, danna maɓallin Ctrl da alamar tarawa ya isa, Ctrl da sifiri ya dawo da shi. Gaskiya wasu tsofaffin manhajoji kan yi dishi-dishi bayan an ɗaga, amma ba su da yawa.

Ban ce kada a je asibiti ba. Daga shekara 40 ganin kusa yakan fara raguwa, a je a auna. Abin da nake roƙo shi ne masu sayar da kwamfuta da masu ɗora Windows su zaunar da mai ita, su tambaye shi, "Alhaji, kana gani sosai?" Minti biyu ne. Dattawanmu ba sa son damun mutum, shiru za su yi su ɗora wa kansu laifi.

Na mayar da ta Baba daidai, na sa ta a 150. Ya gyara tabarau, ya jingina da kujera, ya karanta mini sunan kakansa daga inda yake zaune.