Ina Mai 'Ya'ya Za Ta Sauka a Kaduna?

Kaduna ba ta rasa otal ba. Daga Unguwar Rimi zuwa Barnawa, daga titin Ali Akilu zuwa hanyar Kachia, duk inda ka waiwaya akwai bene da janareto yana ruri a bayansa. Sai dai masu gina su mutum ɗaya suke hangowa: namiji shi kaɗai da 'yar jakarsa, ya zo taron bita ko ganin wani babba, ya kwana biyu ya ƙara gaba. Ƙaton gado ɗaya, talabijin, tebur da kujera, shi ke nan. Mace mai goyo da yara biyu riƙe da gefen mayafinta ba ta cikin lissafi. Wannan a cikin gari ma ke nan. Da zarar an fita wajen gari, inda duwatsu da rafuka da gonaki suke, inda yaro zai ga abin da bai taɓa gani ba, maganar masauki sai dai a yi shiru.

Ni 'yar Tudun Wada ce, aure da aiki suka kawo ni Manchesta. A nan na ga yadda ake shirya fita ƙauye da ƙananan yara tamkar wata sana'a. Hutun makaranta shi ne ke yanke komai, domin a Ingila idan ka cire yaro daga aji har kwana biyar don yawon buɗe ido, ana iya cin tarar kowane ɗaya daga cikin iyayen fam 80 a kan kowane yaro. Saboda haka kowa lokaci ɗaya yake fita, kuɗin masauki ya yi tashin gwauron zabo, wanda bai kama wuri tun watanni kafin hutu ba kuwa sai ya ɗauki abin da aka rage. Yawanci gida guda ake kamawa na mako ɗaya, tsohon gidan manomi ko rumbun da aka gyara. Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin da ake zubawa kafin ka biya ko sisi. Akwai gadon jariri? Akwai kujerar ciyar da yaro? Matattakalar benen tana da ƙyauren da zai tare mai rarrafe? An kewaye filin baya da shinge? Akwai injin wanki? Duk a rubuce, da hotuna har na banɗaki. A ƙasa kuma ga maganganun iyayen da suka riga ka kwana a wurin, waɗanda ba sa ɓoye cewa katifar ta lotsa ko taga tana shigar da sanyi.

Ita kanta karkarar a buɗe take, kuma faɗa aka yi kafin ta buɗe. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata, akasarinsu daga Manchesta, suka haura tsaunin Kinder Scout da gangan, filin da masu ƙasa suka killace don farautar tsuntsaye, aka kama wasu aka ɗaure. A 1951 yankin Peak District, inda tsaunin yake, ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, a 2000 kuma aka yi dokar da ta ƙara ba jama'a 'yancin taka tsaunuka da filayen da ba a nomawa. Yau za ki bi ta tsakiyar gonar mutum a kan hanyar da doka ta amince da ita, ki buɗe ƙyaure ki rufe, tumaki suna kallonki. Akwai ma tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, Monsal Trail, da aka cire ƙarafunanta aka mayar da ita turbar tafiya da keke, a shimfiɗe take lafiya lau, ana tura keken jariri ba gargada. Duk sanda na bi ta sai na tuna tsohon layin dogo da ya tashi daga Kaduna zuwa Kafanchan.

Kada a ce santi ya ɗebe ni. Ɗakin iyali a yawancin otal-otal ɗinsu na mutum huɗu ne, uwa da uba da yara biyu. Mu masu uku zuwa sama sai mu kama ɗaki biyu, kuɗi ya ninka. Gidaje da yawa suna alfahari da cewa suna karɓar karnuka, don haka dole ki duba da kyau, in ba haka ba ki tarar da gashin kare a kan kafet ɗin da za ki shimfiɗa sallaya. Wurin cin abinci a ƙauye sau da yawa mashaya ce. Naman halal sai dai ki ɗauko daga gari a kula, buta kuma ita ce farkon abin da ke shiga jaka. A tsakiyar bazararsu magariba takan wuce ƙarfe tara da rabi na dare, yara sun ƙi barci don gari bai yi duhu ba. Ga ruwan sama da ba ya sallama. Abin da ya fi duka nauyi shi ne ba wanda zai karɓar miki goyo ki miƙe baya. Komai an tanada, amma mutum babu. Har kuɗi muke biya a shiga gona don yara su ba ɗan rago madara a kwalba, abin da ɗan Rigasa yake yi kyauta, da faɗa ma ake sa shi, duk shekara kafin Babbar Sallah.

Mu a gida ba mu taɓa buƙatar wannan tsarin ba saboda muna da namu: gidan dangi. Hutu ya zo, a ɗura yara a mota a Kawo, sai Soba ko Giwa ko Makarfi ko Lere, wurin kaka ko gwaggo. Ba a kama ɗaki, ba a ma faɗa cewa ana zuwa. A yanka zakara, a dama fura, yara su ɓace cikin sa'o'insu sai yunwa ta dawo da su, baki duk ruwan rake ko mangwaro. Jariri kuwa daga wannan baya zuwa wancan, uwarsa ba ta ganinsa sai lokacin nono. Babu otal ɗin da zai sayar da wannan ko nawa ne.

Amma a faɗi gaskiya, wannan masauki ba kyauta ba ne, wasu ne ke biya. Matan gidan ne ke tashi da asuba su hura wuta, su ɗebo ruwa, su bar ɗakinsu su koma na kishiya ko na suruka. A yadda buhun masara da kwalbar mai suke yanzu, sauke mutum shida a gidan manomi na tsawon mako ba ƙaramin abu ba ne, kuma kunya ba za ta bari ya ce uffan ba. Baƙonka annabinka ne, haka aka tarbiyyantar da mu, sai dai baƙon ma ya kamata ya yi tunani. Bayan haka, ba kowane ɗan Kaduna ke da ƙauye ba. Garin na 'yan zuwa ne tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917: ma'aikatan jirgin ƙasa, sojoji, 'yan masaƙun Kakuri. Jikokinsu a yau garinsu Kaduna ne kawai.

Akwai kuma wata asara da ba a cika magana a kai ba. Idan masaukinka gidan dangi ne kaɗai, to iyakar tafiyarka inda danginka suke. Shi ya sa za ka samu Bazazzagi ya yi furfura bai taɓa ganin ruwan Matsirga yana zubowa daga kan dutse a kusa da Kafanchan ba, bai taɓa tsayawa a gindin duwatsun Kagoro ba, inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu. Bai san hanyar ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba ba, wanda duniya ta san sunansa saboda mutum-mutumin yumɓu da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Haka shi ma ɗan Kagoro bai taɓa hawa dutsen Kufena ba, bai ga ganuwar Zariya ba, bai je Turunku inda ake danganta tarihin Sarauniya Amina ba. Tun rikicin shekarar 2000 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka a cikin garin kansa, kowa ya koma ɓangaren nasa. Yaran da suka taso bayan nan rabin jiharsu kawai suka sani, ɗaya rabin a labarin tashin hankali suke jin sunansa. Masaukin da kowa zai iya kamawa da kuɗinsa, ya kwana da iyalinsa hankali kwance ba tare da yana da kowa a garin ba, zai yi aikin da tarukan zaman lafiya a manyan otal ba su yi ba.

Na san abin da mai karatu ke shirin cewa: tsaro fa? Ba zan raina wannan ba. A watan Afrilun 2019 'yan bindiga suka kai hari gidan dutsen nan na Kajuru, wanda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980, suka kashe mutum biyu. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe wasu aka kwashe wasu, jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba. A Maris ɗin 2024 aka sace 'yan makaranta a Kuriga. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari kuwa ya daɗe da fita daga lissafin masu yawon buɗe ido. Don haka shirin tafiya a gida ba a shafin intanet yake farawa ba, a waya yake farawa. A tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, a tambayi wani a can garin, a sake tambaya a daren da za a tashi, domin labarin makon jiya ba ya aiki. A fita bayan rana ta fito, a isa kafin la'asar. Kada a ɗora hoto a Facebook ko WhatsApp sai an dawo. Amma jihar ba dunƙule take ba. Hanyar Zariya, kimanin kilomita 80, ba ɗaya take da hanyar Birnin Gwari ba, kuma wanda ya yi musu kuɗin goro ya hana 'ya'yansa abin da za su iya gani.

Ga mu na waje akwai ƙarin lissafi. Dogon hutunmu yana faɗawa a Agusta, tsakiyar damina: gari ya yi kore shar, Matsirga ta cika ta batse, amma hanyoyin burji sun kwaɓe, sauro kuma ya yi yawa. Yaron da aka haifa a Turai jikinsa bai san zazzaɓin cizon sauro ba, don haka maganin rigakafi da gidan sauro ba zaɓi ba ne. Disamba ta fi daɗin tafiya, sai dai hutun gajere ne, ga ƙurar hunturu ga mai asma. Sai kujerar mota. A nan Ingila doka ce yaro ya zauna a tasa har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. A gida ana yi mini dariya in na sauko da ita daga jirgi, a ce Baturiya ta iso. Su yi ta yi. Na ga gudun da ake yi a hanyar Kachia, cinyar uwa ba ta riƙe yaro idan aka taka birki da ƙarfi.

To ina ake sauka? 'Yan shekarun nan gidajen haya na kwana-kwana sun yawaita a cikin Kaduna, ana tallarsu a Instagram, kuma sun fi otal dacewa da iyali tunda akwai kicin da falo. Suna kuma kauce wa wata matsala da ba a faɗa a fili: a wurin mutanenmu da yawa, matar aure a otal abin a ɗaga gira ne, ko da mijinta na gaba tana biye. Amma hoton yakan fi gidan kyau, kuɗi kuma sai an tura kafin a gani. Na taɓa kama wani da aka ce akwai ruwa da wuta dare da rana, ashe famfon sai an tayar da janareto, janareton kuma sai mai gadi ya dawo daga inda ya tafi. Wasu ma don shagalin samari aka gyara su. Kuma kusan duk a cikin gari suke.

Abin da nake ganin ya dace da mu ba katafaren wurin shaƙatawa ba ne. Irin wannan akwai shi a Kangimi wajen filin folo na Fifth Chukker, yana da kyau, amma ba na malamin makaranta ba ne. Gidan Bahaushe yadda kakanni suka zana shi ya riga ya zama masaukin iyali: zaure inda maigida zai zauna da baƙinsa, tsakar gida da katanga ta kewaye inda yaro zai yi ta gudu uwarsa na ganinsa, madafi, igiyar shanya, inuwar darbejiya. A Zariya da Saminaka da Kafanchan da Kwoi akwai tsofaffin ma'aikata da iyayenmu mata da 'ya'yansu suka watse, ɗakuna suna nan a kulle. Za a ce karɓar kuɗi a hannun baƙo abin kunya ne. Yaushe? Fataken goro da na shanu a gidan fatoma suke sauka a kowane zango daga nan har Gwanja, ya ba su ɗaki da abinci, ya tsare musu kaya, ya sami rabonsa a cinikin, kuma mutum ne mai daraja a gari.

Abin da za mu aro daga Turawa ɗaya ne, faɗin gaskiya tun kafin a biya. Mai gidan ya rubuta ko ruwan burtsatse ne ko na rijiya, in rijiya ce tana da murfi da kwaɗo ko babu. Sola ce ko wutar gwamnati ake jira. Kowane gado yana da gidan sauro. Akwai katifun ƙasa na yara. Banɗakin na tsuguno ne ko na zama, ga hotonsa. Za a iya girki, ko akwai wadda za ta dafa a biya ta. Asibiti mafi kusa minti nawa ne a mota, da dare ana samun ma'aikaci ko sai da safe. Mai unguwa ya san da zaman wurin, kuma za a ba ka lambar wanda za ka kira. Wanda ya tara waɗannan a gida mai ɗaki uku a bayan ganuwar Zariya, ya sa farashin da ma'aikacin gwamnati zai iya biya na kwana biyu, 'yan Kaduna da Abuja za su cika masa shi kafin mu na waje mu ji labari.