Kuɗin cizo da kuɗin feshi

Alhaji na zaune a soro, hannun dama na jan carbi, na hagu na susar ƙeya.

Mai feshi: Ranka ya daɗe, na zagaya. Ɗaki 4, falo, kicin, banɗaki 2. Kyankyaso ya cika kicin, ɗakunan kwana kuma kuɗin cizo ne.

Alhaji: Sauro.

Mai feshi: Alhaji, katifa na ɗaga. Ga ɗigo baƙi-baƙi nan a bakin ɗinki, kashinsu ke nan. Ga ƙwai farare a tsagar katakon gado.

Alhaji: Sauro na ce maka. Shekarata 30 a Gwammaja, ka tambayi kowa. Gidana ba tasha ba ne.

Mai feshi: To, Allah ya huci zuciyarka. Sauron nan naka mai rarrafe, aikinsa dubu 60 ne, zuwa biyu.

Carbi ya tsaya. Susa dai ba ta tsaya ba.

Alhaji: Innalillahi! Feshi za ka yi ko rufin kwano za ka sake min?

Mai feshi: Magani mai lambar NAFDAC zan sayo a Sabon Gari. Tankin goyo lita 16 ne, gidan nan sai ya sha cikin tanki 3, don ba iska ake fesa wa ba. Sai an kwance gado, a bi ɗinkin katifa, ƙasan kujeru, bayan hotuna, duk wata tsagar bango. Ga yaron da zai taya ni ɗaga kaya, ga man babur. Ka san yadda fetur ya koma tun 2023.

Alhaji: Kowa fetur! Mai yankan farce ma jiya fetur ya ce min. To, zuwa na biyun na gaisuwa ne?

Mai feshi: Feshi ba ya gamawa da ƙwai. Cikin kwana 6 zuwa 10 suke ƙyanƙyashewa. Shi ya sa nake dawowa bayan sati 2, in tarar da 'ya'yan kafin su girma su fara nasu.

Alhaji: Kai, ashe ba ka da lissafi. Ka bari su gama ƙyanƙyashewa duka, sai ka zo sau ɗaya.

Mai feshi: Uwar ba ta hutu, Alhaji. Kusan kullum sai ta zuba sabo.

Alhaji: Uwar sauro.

Mai feshi: Ita fa.

Alhaji: Ni fiya-fiyar ɗari 5 ta ishe ni.

Sai murya ta fito daga bayan labule. (Hajiya ta ce ba ta sa baki a maganar maza, amma tun sallama take tsaye a wurin.)

Hajiya: Kwalba 3 ka sayo, Alhaji. Kyanwa ce ta mutu, Ummi ta kwana tana tari. Su kuwa ƙiba suka ƙara.

Alhaji: Kyanwar dama ta tsufa.

Mai feshi: Hajiya, don Allah a daina. Abin da ake ɗurawa a kwalba ba takarda, ba ka san me aka gauraya ba, wani har da kalanzir. Wari ne zai kora su cikin bango, su ɓulla ɗakin gaba. Sniper ma kanta tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ita barkatai a kasuwa. Ƙwayar nan ta buhun wake kuwa, kada a kuskura a sa ta inda mutum ke kwana, kisa take yi.

Alhaji: To, fesa rabin gidan, dubu 15.

Mai feshi: Su koma ɗaya rabin su jira ka? Waɗannan sai su yi watanni ba su sha jini ba, suna nan da ransu.

Alhaji: Ka ji masu tattali. Da iyalina haka suke, da na yi bene.

Mai feshi: Kafin in zo a wanke zannuwa da labule da ruwan zafi sosai, a shanya a rana. A rufe abinci da kwanuka. In na gama kowa ya bar gidan awa 4, sannan a buɗe tagogi. Kyankyaso kuwa, in ba a yashe kwatar ƙofar gida ba, zai dawo.

Alhaji: Kwatar ta maƙwabcina ce. Gawayin tafasa ruwan fa, a cikin dubu 60 ɗin yake?

Hajiya: Alhaji!

Alhaji: Shi ke nan, dubu 40. Amma bayan isha za ka zo, ka sa tankin a buhu. Wanda ya tambaya, ka ce gyaran famfo.

Mai feshi ya miƙe yana karkaɗe riga, sai ya tsaya, ya ɗauko wani abu ja-ja daga wuyanta, ya ɗora a tafin hannu.

Mai feshi: Ranka ya daɗe, ga sauronka ɗaya zai bi ni.

Alhaji ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

Alhaji: Tunda da shi za ka tafi, ka cire min kuɗinsa.