Ido ko kunne: yadda na koyi haɗa kiɗa sau biyu

Sau biyu na koyi haɗa kiɗa, wato aikin DJ na shigar da waƙa cikin wata ba tare da kiɗan ya tsaya ba, kuma koyon farko ne ya fi komai wahalar da ni lokacin da na zo yin na biyu. Na farkon tun ina gida na yi shi, da kwamfutar tafi-da-gidanka da wata ƙaramar na'ura mai fayafai biyu da ake jona mata, inda manhaja ke zana mini sautin kowace waƙa a kan allo, ta rubuta saurinta da lamba, ni kuwa aikina bai wuce in jera zanen nan biyu har in ga sun hau kan juna ba. Na biyun a nan Berlin na yi shi, a wani ɗakin atisaye da ake haya na 'yan sa'o'i, tare da wani dattijo da ya fara sana'ar tun zamanin faifan garmaho. Ran da muka fara haɗuwa ya tsaya ya kalle ni ina aiki na ɗan lokaci, bai ce uffan ba, sai kawai ya yago guntun kwali ya rufe allon na'urar, ya nuna mini da hannu cewa in ci gaba. Ban kai minti ɗaya ba gangunan waƙoƙin biyu suka rabu, suka koma kamar sukuwar dokin da ya yi tuntuɓe, ni kuma na kasa gane wacce ce ke gaba balle in san wacce zan ja baya. Shekara uku ina kiran kaina DJ, ashe ido ne ke yi mini aikin.

Ra'ayina tun daga ranar bai sauya ba. Duk wanda zai koyi haɗa kiɗan rawa na lantarki ya kamata ya fara da kunne, ko da kuwa daga baya zai miƙa wa na'ura aikin gaba ɗaya. Sai dai dalilina ya sha bamban da na masu tsattsauran ra'ayi na nan garin, waɗanda ke ganin duk wanda ya taɓa maɓallin Sync, wanda ke daidaita bugun waƙoƙi biyu da kansa, ya ci amanar sana'a.

Abin da ake koyo ɗin kansa ba shi da wuyar faɗa. Kowace waƙa tana da adadin bugun da take yi a cikin minti ɗaya. Kiɗan hawus yawanci yana tsakanin 120 da 130, tekno kuwa sau da yawa yakan haura haka. A ɗauka waƙar da jama'a ke ji tana bugu 128, wadda kake shirin shigarwa kuma tana 126. Ko da ka sake su tare daidai wa daida, ta biyun za ta riƙa yin baya da bugu biyu a kowane minti, kuma kunne ba ya jiran minti, domin cikin daƙiƙa biyar kacal tazarar ta kusa kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wanda ya isa mai rawa ya ji wani abu ya gurgunce. Gyaran da ake bukata ƙarin sauri ne na kusan kashi 1.6 cikin ɗari, wato ɗan motsin yatsa a kan sandar da ke ƙara sauri ko rage shi. Wahalar tana cikin cewa ayyuka biyu ne a cikin ɗaya: daidaita saurin waƙoƙin daban, daidaita wurin da bugunsu ke sauka kuma daban. Hannu ɗaya yana ɗan tura faifai ko ya ɗan taɓa gefensa don ya dawo da bugun wurinsa, ɗayan yana gyara sandar gwargwadon abin da turawar ta gaya masa. Idan ka tura gaba sau biyu a jere, waƙar jinkiri take yi, sai ka ƙara mata. Kunne ɗaya yana cikin abin saurare yana jin sabuwar waƙa, ɗayan yana buɗe yana jin wadda ke fita daga lasifika, kuma tambayar da za ta hana ka barci na makonni ita ce, wacce ce ke gaba? Babu mai iya koya maka amsarta da baki. Wata rana kawai za ka ji ta, kamar yadda mai koyon keke ke farga cewa an sake shi tun ɗazu.

Wannan fasaha ta girmi kiɗan lantarkin da ake yin ta a kansa yau. Ana danganta ta da Francis Grasso, wanda ya yi aiki a gidan rawa na Sanctuary a New York a ƙarshen shekarun 1960, kuma fayafayin da ya riƙa haɗawa mutane ne suka buga gangunansu da hannu, saboda haka saurinsu yana hawa yana sauka a cikin waƙa ɗaya. A 1979 kamfanin Technics ya fitar da garmahon SL-1200MK2 mai sandar da ke ƙara sauri ko rage shi da kashi 8 cikin ɗari, wanda ya zama ma'aunin sana'ar na shekaru masu yawa. Sai kuma injunan ganga na Roland, TR-808 a 1980 da TR-909 a 1983, waɗanda bugunsu ba ya gajiya kuma ba ya kuskure. A kansu aka gina hawus a Chicago, garin da Frankie Knuckles ya yi suna a gidan rawa na Warehouse, da tekno a Detroit a hannun Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Masu shirya waɗannan waƙoƙi sun san DJ ne zai fara amfani da su, shi ya sa suke barin doguwar shimfiɗa ta ganga zalla a farko da ƙarshe, wato sun bar masa ƙofar shiga da ta fita. Berlin ta karɓi kiɗan Detroit hannu bibbiyu bayan rushewar katangar da ta raba birnin biyu, aka buɗe gidan rawa na Tresor a 1991, har ta kai a 2024 Jamus ta sanya al'adar tekno ta wannan birni cikin jerin kayan gadonta na al'adu. Abin dariyar shi ne, manhajar Traktor, ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗa daidaita bugu da maɓalli, a nan Berlin ɗin kamfanin Native Instruments ya ƙera ta. Da kamfanin Pioneer ya sanya irin wannan maɓalli a kan CDJ-2000NXS a 2012, na'urar da ta mamaye manyan gidajen rawa, sai gardamar ta baro ɗakunan samari masu koyo ta hau kan babban dandali.

To, tun da na'ura na iya yi cikin ƙiftawar ido, me ya sa mutum zai ɓata watanni? Dalili na farko shi ne na'urar ba jin kiɗa take yi ba, lissafi take yi. Tana shimfiɗa layukan bugu a kan waƙa bisa hasashe, kuma hasashen yana yin daidai ne a inda babbar ganga ke sauka sau huɗu a kowace gaɓa ba tare da sauyi ba. Ka ba ta tsohon faifan disko da ɗan Adam ya buga, ko waƙar afrobit da gangarta ke tsallake wasu wurare ta sauka a tsakani, sau da yawa sai ta ɗora bugun farko a inda ba nan yake ba, kuma idan layukan sun karkace, Sync zai daidaita maka kuskuren ne da cikakkiyar biyayya. Wanda bai horar da kunnensa ba zai ga allo yana cewa komai lafiya, jama'a kuma suna kallonsa. Mu kan ce gani ya kori ji, amma a gaban miksa, na'urar da ake gauraya sautin waƙoƙin a kanta, ji ne ke korar gani.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Watannin da mutum zai yi yana farautar bugu da kunne su ne watannin da yake koyon saurarar waƙa ta ciki, ya raba babbar ganga da tafi, ya raba tafi da ƙaramin kacau-kacau na sama, ya san inda waƙa ke shan numfashi. Daga nan ne ƙidaya ke shiga jiki. Kusan duk kiɗan nan an gina shi ne a kan gaɓa mai bugu huɗu, gaɓa takwas su ba da zango mai bugu 32, wanda a saurin 128 daƙiƙa 15 ne cif, kuma a bakin zangon ne mai shirya waƙa ke ƙara wani sauti ko ya janye wani. Idan ka shigar da sabuwar waƙa a bugun farko na zango, sauye-sauyen waƙoƙin biyu za su riƙa zuwa tare kamar daga hannu ɗaya suka fito. Idan ka shigar da ita a gaɓa ta uku ko ta shida, bugu zai daidaita sarai, amma masu rawa za su ji sun rasa inda za su ajiye ƙafa, ba tare da sun san dalili ba. Daidaita bugu da maɓalli ba ya warware wannan. Haka ma batun amon ƙasa, mai kaurin nan da ke dukan ƙirji. Idan ka bar na waƙoƙi biyu suna fita tare, ko dai su cunkushe su zama gurnani, ko kuma su cinye juna ƙarfin ya ragu, saboda haka ake shigo da sabuwar waƙa an rage mata amon ƙasa, a jira bakin zango, sannan a janye na tsohuwar a saki na sabuwar a lokaci guda. Wannan musanya, idan ta zo a kan kari, ita ce lokacin da za ka ga ɗaki ya ɗaga hannu.

Akwai kuma dacewar murya. A kan faifan garmaho, idan ka ƙara sauri da kusan kashi 6 cikin ɗari, muryar waƙar ma ta hau da rabin mataki, don haka waƙoƙi biyu da suka dace a da na iya zama kishiyoyi. Na'urorin yanzu suna da maɓallin da ke riƙe murya a inda take, akwai kuma da'irar Camelot mai lamba 1 zuwa 12 da ke nuna waƙoƙin da muryoyinsu ke jituwa. Ina amfani da ita, amma na lura cewa wanda ya bi ta sau da ƙafa yakan yi sa'a biyu yana kiɗa mai santsi da babu abin tunawa a cikinsa.

Inda na rabu da malamaina na nan shi ne wajen raina irin haɗin da na taho da shi. Waƙoƙin da na fara koyo a kansu gajeru ne, minti uku ko ƙasa da haka, cike da murya tun daga farko, kuma masu saurare so suke su gane waƙa su rera amshinta tare da kai. A irin wannan kiɗa ba a doguwar cuɗanya. Yanke ake yi, a fita daga wannan amshi a faɗa cikin wancan kafin zafin ya huce, kuma idon DJ yana kan mutane fiye da kan na'ura. A nan kuwa waƙa takan kai minti shida ko bakwai, ana iya barin biyu suna tafiya tare na minti ɗaya ko biyu, kuma burin shi ne kada kowa ya san inda ɗaya ta ƙare. Na ga masu koyo a nan da ke iya riƙe fayafai biyu a daidaice har tsawon minti uku, amma ba su ɗaga kai sun ga cewa rabin ɗakin ya fita shan iska ba. Sun ƙware a abin da na'ura ta riga ta iya, sun yi sakaci da abin da ba za ta taɓa iyawa ba. Idan mai dogara da Sync ya bar kunnensa a gida, wasu daga cikin masu tinƙaho da garmaho idonsu suka bari.

Da wani zai tambaye ni ta ina zai fara, sai in ce ya ɗora waƙa ɗaya a ɓangarori biyu, ya karkatar da saurin ɗaya ba tare da ya duba ba, ya rufe lambobin, ya nemo daidaito da kunne. Idan hakan ya zauna, sai ya koma waƙoƙi biyu mabambanta masu ganga bayyananniya. Rabin sa'a kullum ya fi sa'a biyar a rana ɗaya, kuma ya riƙa naɗar abin da ya yi yana saurara washegari, domin a lokacin aiki kunne yakan yi wa mai shi kara. Ya kuma saba da dogara ga lasifikar da ke kusa da shi, saboda sauti yana tafiyar kimanin mita 343 ne a daƙiƙa, wanda ke nufin amon da ya dawo daga lasifikar da ke nesa ya riga ya makara, kuma wanda ya daidaita bugu da shi zai daidaita da abin da ya wuce. Kunnen nan da ake ta horarwa kuma ba shi da madadi. Ma'aunin da masana lafiyar ji ke bayarwa shi ne sa'a takwas a ƙarfin desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama a desibel 100, wanda ba baƙon abu ba ne a gidan rawa, kusan minti 15 ne kawai. Na sayi abin toshe kunne a makare, bayan na kwana biyu ina jin wani siririn fito da babu mai yin sa.

Yanzu ina danna Sync ba tare da jin kunya ba idan ina tafiyar da waƙoƙi uku a lokaci guda, domin hannu biyu gare ni, kuma na san zan ji idan ya yi ƙarya. Kwanakin baya a ɗakin atisayen nan na so in fita daga tekno mai bugu 130 in shiga wata waƙar afrobit mai 105. Tazarar ta fi ƙarfin sandar kashi 8 nesa ba kusa ba, kuma ko da na'ura ta yarda ta ja waƙar har can, muryar mawaƙin ba za ta ji daɗi ba. Sai na ƙidaya zangon har ƙarshensa, na janye teknon gaba ɗaya, na bar bugu ɗaya na shiru, na saki amshin a kan kari kamar yadda na saba yi tun kafin in san sunan Detroit. Dattijon ya cire abin sauraren daga wuyansa, ya matso kusa da miksa, ya ce in mayar da waƙar baya in sake yi a hankali yana kallon hannuna.