Jirgin Yaƙin Da Ya Ƙi Sauke Hanci

Duk cikin jiragen yaƙin da Amurka ta ƙera, ban ga wanda ya kai A-10 muni ba. Su kansu matuƙansa gyado suke ce masa. Fukafukai a miƙe sambal, injuna biyu a ɗaure can baya kusa da wutsiya, wutsiyar ma ta rabu biyu, ga bakin bindiga ya leƙo ta ƙarƙashin hanci. Wannan munin ne ya sa na zaɓe shi ranar da na yanke shawarar shiga sahun masu haɗa ƙananan jiragen roba. Lissafina mai sauƙi ne: jirgin da tun daga masana'anta ya fito mummuna, ko na ɓata wani wuri ba mai ganewa.

Ƙanina ne ya ja ni cikin harkar. Shi ya daɗe yana yi, jiragensa a jere kan katako, ba mai taɓawa sai da izini. Da ya ga kwalin a hannuna, shawara ɗaya ya ba ni: "Yaya, don Allah ka karanta takardar tun daga farko har ƙarshe kafin ka yanki komai." Na dube shi sama da ƙasa. Yaron da ni na koya masa ɗaura igiyar takalmi, yau shi ne zai koya mini karatu.

Ga wanda bai taɓa buɗe irin wannan kwali ba, babu jirgi a ciki. Firam-firam ne na roba mai launin toka, kowane da harafinsa, A, B, C, a jikin kowane kuma ƙananan sassa ne maƙale, kowane da lambarsa. Kai za ka yanko su, ka kankare, ka manna, ka yi fenti. Nawa ma'aunin 1/48 ne, wato komai na jirgin gaske an raba shi gida 48. A-10 na gaske ya ɗan haura mita 16 a tsawo, faɗin fukafukansa mita 17 da rabi, don haka nawa zai tashi a santimita 34, fukafukai kuma 36 da ɗoriya. Gam ɗin da ake aikin da shi ma ba irin wanda aka saba ba ne, narkar da fuskar robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama abu guda. Shaida kuwa tana nan a fiffiken hagu, inda zanen babban yatsana ya zauna daram, ko 'yan sanda ba za su sha wahalar gano wanda ya haɗa jirgin ba.

Da ɗakin matuƙi ake farawa, kuma nan na zuba duk basirar da Allah ya ba ni. Matuƙin bai kai tsawon gaɓa biyu na ɗan yatsa ba, amma sai da na yi masa kaki kore, hular kwano, baƙin gilashin fuska, har da ɗamarar kujera da 'yan ƙarafunanta. Agogunan gabansa da bakin tsinke na ɗiɗɗiga musu farin fenti, ina riƙe numfashi. Dare ya raba ina nan sunkuye, uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, wannan bawan Allah da kake ta yi wa kwalliya, ko yaranka ba ka taɓa shirya su haka ba." Ban tanka ba, don in na yi magana hannu zai motsa.

A shafin da za a rufe gangar jirgin, akwai wani ɗan zane kusa da hanci: kibiya, da wani abu mai kama da dutsen awo, an rubuta 40g. Na fahimci abin nan take. Sashe mai lamba 40 a firam G. Na zazzage kwalin, na jera firam-firam, suka tsaya a F. Na girgiza kai don takaicin yadda aikin kamfanoni ya lalace a wannan zamani, na shafa gam, na haɗe ɓarin dama da na hagu, na matse su da abin maƙale shanya har gari ya waye.

Ba nan kaɗai na kama su da sakaci ba. Ramin da ƙafar tayar gaba za ta shiga ba a tsakiya yake ba, ya karkata dama sosai. Wane irin jirgi ne tayarsa ta gaba a gefe? Na ɗora ƙusa a wuta, na huda sabon rami a tsakiya cif, na toshe nasu. Har na fara tsara wasiƙar da zan rubuta musu, cikin ladabi amma da zafi.

Sauran aikin ya tafi yadda ya tafi. Cike tsaga, gugar samfefa, fenti, sake guga, sake fenti. Sitikun jirgin irin waɗanda ake jiƙawa a ruwa ne su sulluɓo daga takarda, sirara ƙwarai, ɗaya ma ta nannaɗe a yatsana ta ƙi komawa jirgi, shi ya sa tauraron tambarin sojan Amurka yana gefe ɗaya kawai. Daga ƙarshe na ɗora murfin gilashi a kan matuƙina, garau, ana hango har ɗigon agogo.

Sai na tara mutanen gida. Na share teburi, na sa kowa ya ja baya, na ɗauko jirgin da hannu biyu na dire shi a kan tayoyinsa uku, na saki.

A hankali, cikin natsuwa, hancin ya ɗaga sama, wutsiya ta sauka ta daki teburi, ƙwas. Ya zauna kamar karen da ke jiran a jefa masa ƙashi. Na danna hancin ƙasa, na saki, ya koma. Na sake dannawa, ya sake komawa.

"Abba, tashi zai yi?" in ji babban ɗana.

"Eh," na ce. "Tashi zai yi."

"To me ya sa bai tafi ba?"

Uwargida ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Wai tari ne ya sarƙe ta.

Na shiga ɗaki na kira ƙanina a waya, na yi masa bayanin cewa an sayar mini da jabu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaya, nawa ka sa a hanci?" Na ce nawa me? Shiru ya biyo baya, irin shirun mutumin da ya toshe bakin waya da hannu. Da ya dawo, muryarsa na rawa, ya ce g ɗin nan giram ne. Giram 40 na ƙarfe ko darma ake cusawa a hancin kafin a rufe. Har yau ina nan a kan bakana cewa wanda ya sa wa firam haruffa, sannan ya zo ya rubuta g kusa da lamba, shi ya nemi fitina.

Dalilin abin kuwa, da ya warware mini, ya ba ni haushi don yana da ma'ana. Kamfanin Fairchild Republic kusan a kewayen bindiga ya gina wannan jirgi, wanda ya fara tashi a 1972. Sunanta GAU-8, bakinta bakwai, harsashinta milimita 30, tana aman 3,900 a minti guda, kuma in an cika ta da harsasai nauyinta ya kai kilo 1,800. In tana harbi, ƙarfin da take tura jirgin baya da shi ya ɗan fi ƙarfin injinsa guda ɗaya. Ga kuma sulken ƙarfen titaniyam mai kilo 540 da aka kewaye matuƙi da shi. Duk wannan nauyi a gaba yake, shi ke rinjayar injunan da ke baya. A jirgina kuwa, injuna da wutsiyoyi roba ce mai kauri, bindigar ɗan guntun baki ne kawai aka manna, bayansa iska. Abin da ke gaba mai nauyi bai wuce matuƙina da ɗamararsa ba.

Ƙanina ya ce in haƙura, in tokare shi da siririyar sanda mai garau a ƙarƙashin wutsiya kamar yadda mutane suke yi. Na ce Allah ya kiyaye, jirgina ba zai dogara sanda ba.

Na samo 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe irin na cikin cibiyar tayar keke. Na huda rami a cikin akwatin tayar gaba inda ido ba ya kaiwa, na kifa jirgin hanci ƙasa, na riƙa jefa su ɗaya bayan ɗaya, ina jin suna gangarawa suna taruwa a gaba. Na toshe ramin, na dire shi. Ya tsaya! Tayoyi uku a ƙasa, hanci a miƙe. Na ƙwala wa yaran kira su zo su ga abin da ilimi yake yi.

Kafin in ce kada a taɓa, ƙaramin ya sure shi ya ɗaga sama yana "fuuuu", hanci na kallon rufi. Sai muka ji ƙararrr, tun daga gaba har baya. Duk ƙwallayen sun yi hijira zuwa wutsiya. Da na karɓe shi na ajiye, wannan karon ba a hankali ya zauna ba, faɗuwa ya yi da ƙarfi har ɗayan wutsiyoyin ya tsage. Yaron kuwa murna ta kama shi, ya gano jirgin yana kiɗa, yana ta roƙo a ba shi ya girgiza.

Na kwashe yammacin ranar ina jijjiga jirgi kusa da kunnena, ina lallashin ƙarfe ya dawo gaba. Wasu suka dawo, wasu suka sami lungu a bayan fukafukai suka ce nan suka ga wurin zama. Waɗanda suka dawo na ce ba za su sake tafiya ba. Na buɗe ramin, na matse rabin kwalbar sufa gulu a ciki, na toshe, na jingine jirgin hanci ƙasa a cikin kofi, na je na kwanta da kwanciyar hankalin wanda ya gama da matsala.

Sufa gulu, ashe, in yana bushewa wani tururi yake fitarwa, tururin kuma in ya sami roba mai garau sai ya bi ta ya zauna fari fat. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa kusantar gilashi da shi, farin gam na ruwa suke sawa. Ni kuwa na zuba shi a cikin rufaffen jirgi, inda tururin ba shi da wata mafita sai ɗakin matuƙi. Da safe na ɗauko jirgi, gilashi ya koma fari daga ciki, ta inda ba hannun da zai kai ya goge. Na kai shi taga, na haska da fitilar waya, na karkata shi dama da hagu. Ba hular kwano, ba ɗamara, ba agogo. Garin gyaran gira an rasa ido. Uwargida ta leƙa ta ce, "Allah sarki, hazo ya rufe shi. Ko dai ka bar shi ya sauka?"

Tsayuwar ma ba a same ta cikakkiya ba. Nauyin da ya maƙale a gaba da wanda ya ɓuya a baya suka yi canjaras. In ka lallaɓa ka ajiye shi, zai tsaya. Amma da zarar an buga ƙofa, ko wani ya yi atishawa kusa, ko babbar mota ta wuce, sai ka ji ƙwas. Yaran suka mayar da shi wasa, su tsaya daga bakin ƙofa su yi tsalle tare, su ga wa zai zaunar da shi.

Ranar da ƙanina ya zo gani da ido, ya daɗe yana zagaya teburin, hannu a baya. Bai ce komai a kan gilashin ba, bai ce komai a kan yatsana ba. Sai ya durƙusa ya leƙa ƙasa.

"Yaya, wa ya dawo da tayar nan tsakiya?"

Na gyara zama na ba shi labarin sakacin kamfani da yadda na ceto su. Ya ciro waya ya nuna mini hoton jirgin gaske ta gaba. Taya a dama. Ya nuna wani, a dama. An matsar da ita ne da gangan don bindiga ta sami wuri, ta yadda bakin da ke harbi zai dace da tsakiyar jirgin, kada ƙarfin harbin ya karkatar da shi. Jirage 716 aka ƙera kafin a daina a 1984, kuma ni kaɗai ne a duniya nake da mai taya a tsakiya. Na ce masa ai wannan shi ake kira abin da ba kowa ke da shi ba.

Ganin fuskata ta canza, sai ya tausaya, ya ba ni wani labari da ya fi duk shawarwarinsa amfani. A-10 na gaske ma, in makanikai za su cire bindigar don dubawa, sai sun kafa jak a ƙarƙashin wutsiya, in ba haka ba ya tuntsura baya ya zauna, daidai yadda nawa yake yi. Na miƙe tsaye. Ashe jirgina ba lalacewa ya yi ba, ya fi na kowa bin gaskiya ne.

A daren na yanko guntun firam ɗin roba, na yi masa fenti rawaya, na kafa a ƙarƙashin wutsiya. Wannan jak ne, ba sanda ba, kuma duk wanda bai ga bambancin ba bai san jirgi ba. Na sa reza na fige bakin bindigar. Gilashin kuma na jiƙa 'yar takarda mai laushi da farin gam na lulluɓe shi, na shafa mata kore, ta zama tamfol irin wanda ake rufa wa jirgi in yana ajiye. Na rubuta a ɗan kati na jingina a gaba: A-10, ana gyara.

Da wani abokin aikina ya kawo ziyara ya tsaya yana kallo, na yi gyaran murya na fara yi masa bayanin nauyin bindiga da dalilin jak, yana ta gyaɗa kai, har ya ce bai san abin yana da zurfi haka ba. Ina cikin kawo maganar titaniyam sai ƙaramin ya shigo, ya ja masa riga.

"Kawu, ka ce Abba ya ba ka ka girgiza. Akwai ƙwallo a ciki."