Kowa idonsa na kan rufi, babu mai tambayar harsashi

A Legas, duk wanda ya yi niyyar sauya rufin ɗakunan da aka ƙara a jikin gidansa zai tarar da mutane da yawa suna jiran kuɗinsa, amma da wuya ya sami mutum ɗaya da zai yarda ya ɗauki diga da shebur ya tona gindin bango domin a ga irin harsashin da ke ƙasa. Abin da ke ƙona mini rai ke nan, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne, domin gidajen Hausawa da dama a Agege da Idi-Araba ba a lokaci guda aka gina su ba. An fara da ainihin gida, da iyali suka ƙaru sai aka manna ɗaki biyu a baya aka jefa musu kwano, babu zane, babu injiniya, kuma maginin da ya yi aikin ko dai ya rasu ko ya koma Arewa tun tuni.

Namu gidan haka yake. Kwanon ɗakunan baya ya yi tsatsa, gara ta cinye katakon, ruwan Yuni da Yuli yana zuba a kan shimfiɗa, sai aka yi shawarar a yaye shi a zuba dekin na kankare, a kuma ɗora tankin ruwa a kai. Birkilan da aka kira ya zagaya ɗakunan, ya bubbuga bango da tafin hannu, sannan ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, wannan ko bene biyu ka ce zai ɗauka." Da na tambaye shi zurfin harsashin da faɗinsa, da kuma ko akwai rodi a ciki, sai ransa ya ɓaci, wai ina raina masa sana'a, alhali kuwa bai ga komai ba face fenti da filasta.

Lissafin ba ya buƙatar digiri. Kankare mai rodi, idan tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa duk mita ɗaya ne, yana da nauyin kusan kilo 2,400. Dekin mai kaurin santimita 15 yana sauke kilo 360 a kan kowace murabba'in mita, saboda haka fili mai mita 4 a faɗi da mita 5 a tsawo zai karɓi fiye da tan 7, kafin a zo kan tanki mai cin lita 2,000 wanda shi kaɗai tan 2 ne idan ya cika. Kwano da katakonsa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na wannan nauyi ba, kuma da su aka yi lissafi ranar da aka haƙa harsashin, idan ma an yi wani lissafi. Yawancin irin waɗannan ɗakuna da bulo mai inci shida aka tayar da su, ba ginshiƙi a kusurwa, ba linta da ta zagaye ginin ta ɗaure shi. Sannan ga ƙasar Legas, wadda a unguwanni da yawa fadama ce aka cike da yashi, ana tona kaɗan a iske ruwa. Tsohon gida ya daɗe da zama daram a kan nasa harsashin, to idan aka danna wa ɗakunan baya sabon nauyi, su kaɗai za su fara nutsewa, kuma tsagewar farko tana fitowa ne daidai inda bangon biyu suka haɗu. Wanda ya ga wannan tsaga ya sa aka shafe ta da siminti, kansa kawai ya ruɗa.

Ba ni da rigima da doka. Dokar tsara birane ta jihar Legas ta 2010 ta wajabta neman izini kafin a yi gini ko a sauya fasalinsa, akwai hukumar LASPPPA mai bayar da izinin, akwai LASBCA mai duba aiki mataki-mataki, akwai kuma ɗakin gwajin kayan gini na jiha. Wanda ya tuna masaukin baƙin da ya rufta a Ikotun a 2014 ya kashe mutum 116, ko benen Ita Faji da ya faɗo da 'yan makaranta a ciki a 2019, ko dogon benen titin Gerrard a Ikoyi da ya hallaka fiye da mutum 40 a 2021, ba zai buɗe baki ya ce an matsa wa mutane da dokar gini ba. Rigimata tana ga 'yan tsakiya, dillalan takarda da suka kafa tebur tsakanin mai gida da dokar, suka mayar da batun rayukan jama'a cinikin tambari.

Wanda aka haɗa ni da shi ya karɓi kafin alƙalami, ya ɓace, sannan ya dawo da zane mai kyan gani ɗauke da tambari da sa hannun wani injiniya da bai taɓa taka ƙofar gidanmu ba. A cikin zanen an nuna ginshiƙai masu rodi, kowanne zaune a kan faffaɗan gindi na kankare, an rubuta musu awo tsaf kamar an gani da ido, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu a gidan. Na ce masa wannan harsashin wani gida ne daban, a zo a tona namu a auna. Ya dube ni cikin mamaki ya ce, "Alhaji, kai takarda kake nema ko rami?" Wannan tambaya ta fi kuɗin da ya ci ɓata mini rai, domin ta nuna cewa a wurinsa aikin ya ƙare da zarar takarda ta fito, ko da kuwa waɗanda za su kwana a ƙarƙashin tan tara na kankare da ruwa jikokina ne. Injiniyan da ya sayar da tambarinsa kuwa ya fi dillalin laifi, tunda shi ya yi karatun, ya kuma san sarai abin da ke faruwa da bulo mai inci shida idan aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Ana cikin haka, da tifar yashi ta sauke kaya sai ga 'yan omo onile, wato masu iƙirarin cewa filayen unguwa gadon kakanninsu ne, sun bayyana suna neman kuɗin rufi, duk da dokar kare dukiya ta 2016 da ta haramta irin wannan karɓa. Su ma rufin suke kallo.

Dole kuma in faɗa wa 'yan'uwana masu gidaje gaskiya, domin mu ma muna taimaka wa ɓarnar. Da yawa daga cikinmu sun fi son birkilan da zai ce "zai ɗauka" a kan injiniyan da zai ce "sai na gani", saboda na farko ya fi araha kuma ba ya jinkirta aiki, sannan idan aka yi magana a ce ai Allah ne mai tsarewa. Gaskiya ne Allah ne mai tsarewa, amma ɗan haya da ke biyan kuɗin shekara bai ba kowa izinin yin caca da ransa ba.

Abin da ake bukata ba shi da wuya. A tona rami biyu ko uku a gindin bangon, har a kai ƙasan harsashin, injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya zo da ƙafarsa ya auna kauri da faɗi da zurfi, ya duba ƙasar da ingancin bulon, sannan ya rubuta abin da ya gani. Daga nan ne za a san ko a mayar da rufi marar nauyi na alminiyam, ko a kafa sababbin ginshiƙai masu nasu gindin su ɗauki dekin ba tare da sun jingina da tsohon bango ba, ko kuma a rushe ɗakunan a sake su gaba ɗaya. Kuɗin tona ramin bai wuce ladan lebura na yini ba. Ina kira ga masu iko da kada a karɓi wani zane na sauya rufi zuwa kankare sai an haɗa da hoton ramin da awon da aka ɗauka a wurin, kuma duk injiniyan da aka kama ya sa hannu a kan harsashin da bai gani ba a kai ƙararsa a soke rajistarsa. Ni dai na mayar wa dillalin zanensa, na dakatar da birkila, kuma ba za a zuba ko kwano ɗaya na kankare a kan ɗakunan nan ba sai an tona.