Ranar da Na Yi wa Itace Sutura

Tun da aka ce haihuwar uwargida za ta faɗo a watan Yuni, surukata ta fara zancen itace. Ita ba ta yarda da gas ba. Ruwan wankan jego da shinkafar suna, a wurinta, sai murhu mai duwatsu uku, kuma duk wanda ya taɓa ganin girman tukunyar da ake ɗorawa ranar suna a unguwar Aboabo da ke Kumasi ba zai yi mata musu ba.

Ni kuwa mutum ne mai dabara, ko dai haka nake ɗaukar kaina. A watan Afrilu na sa wani mai aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na dakon kaya, ya kawo mini ɗanyen itace, sabon sara, da araha. Lissafina shi ne wata 2 ya ishe shi bushewa, rarar kuɗin kuma in ƙara a na rago. Na manta cewa a Kumasi tun Maris hadari yake fara haɗuwa, Yuni kuwa sama ba ta rufe baki.

Daren da aka kece da ruwa, na fita da tocila da gajeren wando, na lulluɓe tulin nan da tampol tun daga sama har ƙasa, na danne gefe da gefe da bulo. Ko sauro bai samu ƙofa ba. Na koma na kwanta ina yaba wa kaina.

Maƙwabciyarmu Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake, wadda ke hura wuta kowace asuba, nata itacen faskararre ne, ta jera shi a kan tsofaffin bulo don kada ya taɓa ƙasa, ta ɗora ɓallen kwano ɗaya a kai, shi ke nan. Gefuna a buɗe, feshi yana dukansa. Har tausayi ta ba ni.

"Hajiya, in samo miki tampol mana, ruwa na cin itacenki."

Ta leƙa ta dubi nawa. "Ɗana, wancan itace ne, ko wani ka yi wa sutura?"

Na yi dariya, a raina na ce tsufa ne.

Ana gobe suna na janye bulo na ɗaga tampol. Wani tururi ya bugi fuskata kamar na buɗe tukunyar dambu, da warin rigar da ta kwana uku a bokiti. Cikin tampol ɗin na ɗigar da ruwa, alhali ko ɗigon ruwan sama bai shiga ba. Itacen ya yi fari fat da fumfuna, naman kaza ya tsiro a jikinsa, gara ta cinye layin ƙasa. Ga kuma kwaɗi biyu suna harara ta, na shigo musu ba sallama.

Ƙanena ɗan boko ya samu abin yi. Wai ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya cin wuta da kyau sai ruwan ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100. Iska ce ke kwashe shi, galibi ta bakin da aka sare. Ni na toshe iskar, ƙasa na turo laima daga ƙasa, rana na dafa shi daga sama. Na ce ya riƙe karatunsa, kananzir zai raba mu gardama.

Bai raba ba. Da asuba mata suka jera itace, aka tuttula kananzir, wuta ta yi bal sau ɗaya ta kwanta. Sai tsuuu, kumfa na fita a bakin kowane guntu. Hayaƙi ya cika tsakar gida, ya bi zaure, ya iske malamai a kan tabarma daidai lokacin raɗa suna. Liman na addu'a hawaye na zuba, jama'a na amin suna tari. Wani baƙo daga Asawase ya raɗa mini cewa bai taɓa ganin addu'ar da ta ratsa mutane haka ba.

Surukata ba ta ce mini uffan ba, akwai kunya. Tukunya ta kalla ta ce, "Araha dai ba ta ado."

Haka na lallaɓa gidan Hajiya. Ta ɗauki guda biyu cikin nata, waɗanda aka yi ruwa a kansu daren jiya, ta gwara su: ƙwal! Bakinsu duk ya tsattsage, ba nauyi. Na gwara nawa da na riƙo: tib.

"Ruwan sama a baya yake tsayawa," in ji ta, "rana ɗaya ya kama gabansa. Na cikin shi ne aiki, shi ya sa nake saye tun hunturu."

Ta sayar mini a farashin damina, ko sidi ɗaya ba ragi, rarar kuɗin ragon ta tafi har da ƙari. Na juya zan tafi ta ce in tampol ɗin nan ba ni da sauran aiki da shi, in kawo, masu cin waakye na jiƙewa a benci.

Yaron an sa masa sunan mahaifina. Unguwa dai har yau Ɗan Hayaƙi take kiransa.