"Ai ba na kowa ba ne"

Wani ɗan'uwa ya turo mini bidiyon garin Lugo da ke arewa maso yammacin Sifen. Ganuwar dutse ce da Rumawa suka gina tun ƙarshen ƙarni na 3, ta fi kilomita biyu, har gobe tana zagaye da tsohon garin. Tsofaffi na yawon shan iska a kanta da yamma. A 1921 hukumar garin ta fasa wani ɓangare za ta buɗe sabuwar ƙofa, sai wasu mazauna garin suka kai ƙara. A shekarar aka sa ganuwar cikin kayan tarihin da doka ke karewa, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa ta a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2000.

Wallahi raina ya ɓaci, don mu ma muna da badala a Kano, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu. Na sani tamu ta ƙasa ce, damina na zaizayarta. Amma 'yan'uwa, damina ba ta zuwa da diga da shebur. Mu ne. Wannan ya ɗebi jar ƙasa baro biyu ya yi yaɓe, wancan ya mai da gindinta bola, wani ya kafa rumfa, baɗi ta zama shago da bulo, baɗin baɗaɗa ya sayar har da takarda. Ka yi magana a ce maka, "Malam, ai ba na kowa ba ne."

Na kowa ne, shi ya sa ya fi hatsari! In ka ci haƙƙin mutum ɗaya, ka san ƙofar da za ka je neman yafiya. Haƙƙin al'umma fa, har da waɗanda ba a haifa ba, wa za ka roƙa? Duk mun san abin da aka faɗa kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, amma muna sahun gaba a masallaci, katangar gidanmu ta shige hanya, ta haɗiye kwata, ta gutsiri filin makarantar firamare.

Mu kuma masu gani mu kau da kai, wai kada a ce mun cika sa ido, ba mu tsira ba.

Don Allah Alhaji, a ja katangar nan baya tun kana da iko. Hajiya, a hana yara kai shara gindin badala. Mu ji tsoron Allah, jama'a.